Tanderun da Zaituna Ba Ta Taɓa Leƙawa Ba

Duk wanda ya zauna a unguwar Karantina ta birnin Jidda kafin a rushe ta ya san Zaituna matar Idris mai tukwane. In bai san fuskarta ba ya san muryarta, don ba ta iya magana a hankali ba, ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka faɗa ne. Gajeriya ce mai saurin ƙafa da saurin fushi, kuma ba ta taɓa sayen abu a farashin da aka fara faɗa mata ba. Gyaɗa take soyawa tana sayarwa a bakin titi, da ƙuli-ƙuli, da wani yaji da Larabawan unguwar ke ɗanɗanawa su yi ta tari, gobe kuma su dawo neman ƙari.

Daga Gumel ta zo tana budurwa. Goggonta ta rako aikin hajji, da ƙullin daddawa da kuka na sayarwa. Goggo ta gama ibada ta koma gida, Zaituna kuwa ta ga yadda ake wawar daddawar nan, ta ce ita sai baɗi. Baɗin nan har yau bai zo ba. Ta zama 'yar takari, irin waɗanda suka zo ibada suka maƙale ba takarda. Ta koyi gudu da tire a ka in an ce ga motar kame, ta kuma koyi Larabcin ciniki da na zagi tun kafin ta iya na gaisuwa.

Wajen sayen kaskon suya ta haɗu da Idris. Shi haifaffen Jidda ne. Kakansa maƙeri ne daga ƙasar Katsina, da ƙafa ya taho ta Sudan, ya ƙetare teku ya sauka a tashar jiragen ruwa, bai sake waiwayar gida ba. Idris ya gaji sana'ar, amma shi zubi yake yi. Matan unguwa masu yawon bola da tsofaffin kekunan jarirai su kawo masa gwangwanayen lemo, ya narkar, ya zuba tukwanen dalma, tun daga 'yar ta shayi har irin wadda ake dafa shinkafar biki. Ranar da Zaituna ta je, ta yi wa kaskon tayin wulakanci. Ya ce albarka. Ta kushe kaskon, ta kushe mai shi, shi kuwa ya yi ta dariya har da dafa bango. Ba a rufa shekara ba aka ɗaura musu aure.

Maƙerar tana bayan gidan, wani ɗaki ne na bulo da rufin kwano, a cikinsa kuma tanderun gas yake, wanda a can ake ce wa furun. Doka ɗaya Idris ya kafa mata tun ranar da ta tare: mace ba ta tsallaka ƙofar maƙera. Haka ya tarar ubansa na yi, uban ma haka ya tarar. In an matsa masa da tambaya sai ya ce in mace ta shiga, da huji tukunya ke fitowa. Abin mamaki, Zaitunar da ba ta bar wa kowa magana ba a faɗin Karantina, wannan ɗaya ba ta taɓa ja ba. A garinsu ma ta san gidajen maƙera da irin tasu al'adar, ba ta ga abin musu ba. A bakin ƙofa take ajiye abinci ta ƙwanƙwasa kwano ta juya. Daga nan takan hango tanderun can ciki, baƙi ƙirin, tsayinsa ya kai ƙirjin namiji, in an kunna shi yana ruri har tsakar gida.

Abin da ta sani game da shi, daga bakin mai shi ta ji. Idris kuwa akwai cika baki gaban masu saye. Kullum labarin ɗaya ne: daga cikin wani tsohon jirgin ruwa aka yanko tanderun nan, ƙarfe ne zalla irin wanda ba a yi yanzu, kuma ranar da aka ɗan gusar da shi don gyaran rufi sai da aka tara ƙartin layin gaba ɗaya, har wani ya yi jinyar baya. Maganar ƙartin gaskiya ce, don ita ta dafa musu shayi, ita ta kai wa mai bayan man zafi. Tunda ta ga wannan da idonta, ba ta ga dalilin shakkar sauran ba. Buhunan jar ƙasa da yumɓu da ake shiga da su kuwa, ta ɗauka duk na zubi ne, tunda a cikin ƙasa ake zuba tukunya.

Ɗa ɗaya Allah ya bar musu, Nayef, shi ya sa ake kiran Idris Abu Nayef. Ya girma ba takarda, don ta uban ma da ƙyar ake sabuntawa, balle a ɗora wani a kai. Ya zama saurayi yana dako a wani sito kusa da tasha, aka yi kame aka haɗa da shi. Aka sauke shi a Kano, garin da bai taɓa gani ba, da Hausarsa da in ya yi ake dariya. Ba a daɗe ba Idris ya yanke jiki ya faɗi a bakin maƙera da rana tsaka. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, sai gurnani da ido. Kafilinsa, Balaraben da ke tsaya masa wajen hukuma, ya ga ba sauran amfani ya janye jiki, iƙama, wato takardar zamansa, ta mutu.

Zaituna ta sa kwaɗo ta rufe maƙerar daga waje, ta rataya makullin a wuya. Tulunan gas da ke jingine a bango ta waje su ta fara sayarwa saboda magani. Komai ya dawo kanta. Ta ɗaga shi, ta goge shi, ta juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ta ba shi kunu da cokali tana masa mita, sannan ta ɗauki tire ta fita. In Nayef ya kira sai ta ce masa Baba na samun sauƙi, ta kanga wa Idris wayar a kunne ya yi gurnaninsa.

Ana cikin haka aka wayi gari da jan fenti a bangon gidan, kalma ɗaya da Larabci, ikhla, wato a tashi. Ba gidansu kaɗai ba, layin duka, unguwar duka. Masu takardar ƙasa suka shiga neman diyya da gidan haya. Irin su Zaituna ba su da ƙofar da za su buga. Aka ɗauke wuta, aka ɗauke ruwa. Katafila ta fara ci daga wajen babban titi, kullum ƙararta na ƙara matsowa, kullum wani maƙwabci na ɗaure kaya. Ɓerayen gidajen da aka rushe suka dawo nasu, har takan zauna da sanda a bakin gado don kada su taɓa ƙafar da Idris ba ya ji.

Wurin zuwa ya samu da ƙyar. Hikima, tsohuwar ƙawarta ta bakin titi, tana shara a wani bene a unguwar Bani Malik, ita ta roƙi mai gadin ya bar musu wani ɗan ɗaki a saman rufi kusa da tankin ruwa. Saura yadda za a kai Idris can. Ba ya iya zama, sai a kwance. Tasi ba ta shigowa don ɓaraguzai sun toshe hanyoyi, kuma wane direba ne zai ɗauki tsofaffi marasa takarda ya bi ta inda ake tsayar da motoci? Motar asibiti kuwa, kiranta daidai yake da kai kai ga hukuma. Masu akori-kura su ne sarakunan lokacin, abin da suke yankawa ko ta shekara tana suya ba za ta haɗa ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta yi roƙo, ta yi tayi, ta yi zagi, ta dawo ta sake roƙo. Wannan karon bakinta bai saya mata komai ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a zamanin gudun kame, don a da kanta kawai take ɗauka ta gudu.

Motocin da ke shiga da fita ba fashi su ne na 'yan sikirab, masu sayen tsohon ƙarfe. Sun cika unguwar suna ɓalle ƙofofi da tagogi da rodi. A cikinsu akwai Jabiru, wani magidanci mutumin Funtuwa da ya zo umara ya maƙale, mai sayen gyaɗarta ne, yana yi wa wani Balarabe mai suna Mazen aiki. Shi ta tare. Ta ce tana da tanderu na ƙarfen jirgin ruwa, kuma ba kuɗi take so ba. A ɗauki tanderun, a kai ta Bani Malik da mijinta da kayan ɗakinta. Jabiru ya kai ta gaban Mazen, ta same shi tsaye a kan tarin rodi da waya a kunne. Ba shi da lokacin zuwa dubawa. Ya tambaye ta nauyinsa, ta ba shi labarin ƙartin layi da mai jinyar baya. Ya ce ta tabbata ƙarfe ne? Ta rantse, ta sake rantsewa. Ya ce halas, wato shi ke nan, in haka ne zai zo da mota, amma sai ranar ƙarshe, yanzu aiki ya yi masa yawa.

Ta dawo da murnarta ta gaya wa Idris. Ba ta rufe baki ba ya hau girgiza kai. Ya yi gurnani, ya bubbuga ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya, jijiyoyin wuyansa suka tashi, miyau na zuba. Ta goge masa, ta lallashe shi, ya ƙi. Da ta juya za ta fita ya kamo bakin zanenta. Nan haƙurin da ta daɗe tana yi ya ƙare.

"Abu Nayef, ka ji tsoron Allah," ta ce. "Katafila na bayan masallaci, kai kana kukan furun? Shi zai goya ka? Ko so kake a rushe ɗakin nan a kanmu? Wallahi sai na sayar, in ka warke ka sake ni."

Ya saki zanen, ya kau da fuska iya yadda wuyansa ya bar shi. Kwanakin da suka biyo baya, duk sanda ta ambaci motar sai ya sake gwadawa, ita kuma ta daina kula shi, ta shiga haɗa kaya. Ta jera tukwanenta ƙanana cikin manya, ta naɗe tabarmi, ta ɗaure komai a tsakar gida. Maƙwabcinsu Abdulghani, ranar da zai tashi, ya leƙo ya ce akwai ɗan wuri a bayan motar da ya ɗauko, za a iya shimfiɗa Idris ita ma ta raɓa, kaya ne dai ba wuri. Idris ya yi ta bugun gado daga ɗaki. Zaituna ta yi godiya, ta ce tata motar na tafe, ba za ta bar gadonta da tukwanenta wa 'yan tsince ba.

Ranar ƙarshe Mazen ya iso da hantsi, shi da Jabiru da wani lebura, bayan motar da 'yan ƙofofi a ciki. Layin ya zama kufai, gidansu da wasu 'yan kaɗan ne a tsaye, kuma mai katafila ya riga ya aiko cewa bayan azahar zai shigo. Zaituna ta ciro makullin daga wuya ta miƙa wa Jabiru, ta tsaya a bakin ƙofa inda ta saba tsayawa.

Mazen ya shiga ya manna maganaɗisu a jikin tanderun, ya kama. Ya sa kafaɗa ya tura, ko motsi bai yi ba. Zaituna ta ji daɗi har ta gyara tsayuwa. Sai ya ture murfin ya leƙa ciki, ya daɗe bai ɗago ba. Ya karɓi guduma daga hannun Jabiru ya kai duka ɗaya a gefe. Gudumar ta shige. Ba ƙarar ƙarfe aka ji ba, sai kamar an fasa tsohuwar randa, jar ƙasa ta zubo ta rufe masa takalma. Ya ƙara, ɓari guda ya ɓalle ya faɗi. Tsohon tankin ruwa ne, falle ɗaya, tsatsa ta ci shi har ya yi laushi. Duk kaurin nan da nauyin nan yumɓu ne da fasasshen bulo, wanda Idris ke yaɓawa yana ƙarawa duk shekara don ya riƙe zafi.

Zaituna ba ta san lokacin da ta tsallaka ƙofar ba. Ta durƙusa ta sa hannu cikin tarin tana tono, ko ƙarfen yana can ƙasa. Ƙasa take ɗebowa, sai toka, sai ɓarɓashin bulo.

"Hajiya, bari haka," in ji Jabiru a hankali. "Ai kowane furun haka cikinsa yake. Ba ki taɓa leƙawa ba ne?"

Ta ci gaba da tono. Mazen ya kakkaɓe ƙafa ya fito. Bai zage ta ba, da ma ya zage ta da ta fi samun sauƙi, don ta san yadda ake rama zagi. Cewa ya yi abin da ke nan, har da bututun gas ɗin da injin hura iskar, ba zai biya man da ya ƙona ya shigo ba. Akwai gidaje masu ƙofofin ƙarfe suna jiransa kafin a binne su, shi ma yana da iyalin da yake ciyarwa. Sannan ya tuna mata cewa ta rantse. Wannan ta fi komai ƙona mata rai, ita da ba a taɓa kama ta da algus ba. Ya ce wa mutanensa yalla, ya nufi mota.

Ta riga shi isa. Ta tsaya a gaban motar ta dafa ta da hannuwanta masu jar ƙasa. Ta ce ba ƙarfe yake so ba? To ya tsaya, akwai ƙarfe.

Ta koma maƙerar da gudu ta kwaso ludayin zubi da awartaki da duk wani guntun dalma da ta gani. Jabiru ya loda. Mazen ya dubi agogo ya girgiza kai. Ta dawo tsakar gida kan kayan da ta ɗaure, ta kwance igiya da haƙori. Tukunyar shinkafar biki da ake zuwa aro wurinta ita ta fara tafiya, sannan masu bi mata, har 'yar ta shayi. Kaskon suya ta ɗan riƙe shi a hannu, ta miƙa. Risho ya bi, fanka ta bi, bokitai, da tiren da take talla da shi. Lebura ya ɓalle ƙofar gida da ta ɗaki. Duk abin da aka kawo sai Mazen ya ɗaga ya auna a hannu ya jefa. Ƙarar katafila ta tsaya, alamar mai ita ya tafi salla, kuma kowa a wurin ya san abin da zai biyo bayan sallar.

Mazen ya leƙa ɗakin, idonsa ya sauka kan gadon. Gado ne na da, mai kaurin ƙafafu, shi kam ƙarfen gaske ne. Ya ce in da wannan, halas.

Ta ce su dakata, ta shiga ita kaɗai. Idris ya ji komai, dukan gudumar da ƙarar tukwanen, idonsa a buɗe yana kallonta. Sai a lokacin ta gane abin da yake ta bugun gado a kai. Ba tanderun yake wa kuka ba, gaya mata yake so ya yi. Baƙin ciki ya taso mata, ga haushinsa ga haushin kanta, ta rasa da wanda za ta fara.

"Jirgin ruwa," ta ce. "Shekara da shekaru, Abu Nayef. Masu saye kake yi wa, na sani. Amma ni mai kai maka abinci bakin ƙofa, da ka ce in leƙa ko sau ɗaya."

Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne. Ta sa bakin mayafi ta share, ta goge jar ƙasar da yatsunta suka bari a kumatunsa, sannan ta kira Jabiru su kama.

Motar ta cika taf. Aka shimfiɗa katifar a wani ɗan lungu tsakanin ƙofofi da tukwane, aka kwantar da shi, ta sa masa ƙullin tufafinsu a ƙarƙashin kai. Kabad da tabarmi da ragowar buhun gyaɗa a tsakar gida aka bar su, ba wuri. Ta zauna a gefensa ta rufa musu mayafi saboda rana da idon mutane. Duk ramin da motar ta faɗa sai tukwanen su yi kuka, ita kuma ta tokare su da baya don kada su rufto masa. Ba ta waiwayi gidan ba, hannunta duka biyu na riƙe da kansa.

Hikima na jira a ƙofar benen. Tun safe ta share ɗakin, ta roƙo wasu maza daga shagon ƙasa su taya sauke kaya, har ta sa an cire ƙyauren don gadon ya samu shiga. Da ta hango motar a cike sai ta hau rabon aiki, wannan ya kama gado, wancan ya kwashi tukwane. Jabiru ya goya Idris ya nufi matakala. Zaituna ta sauko da katifa da ƙullin tufafi. Mazan suka miƙa hannu za su kama kan gadon, sai motar ta ja ta yi gaba, za ta jira Jabiru a bakin titi.

Hikima ta ɗaga hannu za ta bi ta a guje, Zaituna ta riƙe ta.

"Ke, kayan fa? Ya tafi da kayan."

"Nasa ne," in ji Zaituna. "Namu ga shi can ana hawa da shi."

Ta ɗora katifar a ka ta bi su da sauri, don ta riga su isa ta shimfiɗa kafin a sauke shi a kan siminti.